Ragowar Mijinyawa

In ka shiga garejinmu da ke unguwar Kilemat a Njamena da sassafe, wanda za ka fara gani wani dattijo ne mai ƙafa ɗaya, sanda a hammatarsa ta hagu, guntun ƙarfe a hannun dama, yana bin tayoyin manyan motoci yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Sunansa Mijinyawa. Mutane in sun gan shi sai su ce Allah ya yi wa Alhaji Abdulnasir albarka, ya riƙe tsohon direban mahaifinsa bai yar da shi ba. Ni ne Alhaji Abdulnasir ɗin, kuma duk ranar da aka yi mini wannan yabo, abincin ranar ba ya yi mini daɗi.

Asalinsu mutanen Kazaure ne. Kakansa ya baro gida a ƙasa da niyyar Makka, shi da matarsa da 'yarsu ta goye. Guzuri ya ƙare musu a nan, lokacin ana ce wa garin Forlami, sai ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Damina ɗaya ta zama talatin, a nan aka binne shi. 'Yar goyon nan ita ce Delu, mahaifiyar Mijinyawa. Har ta tsufa ba ta taɓa yarda ta ce ita 'yar Njamena ce ba. In aka tambaye ta sai ta ce su matafiya ne, zango suka yada. Mijinyawa kuwa tun yana saurayi ya ɗaukar mata alkawari cewa tafiyar da ubanta ya fara, shi zai ƙarasa ta da ita. Kujera biyu yake nema, tata da tasa, don ba ta da wani muharrami sai shi.

A wurin mahaifina, Alhaji Zakariyya, Mijinyawa ya fara tuƙi, tun motarmu ɗaya ce. A kan cinyarsa na fara riƙe sitiyari, shi ya sa nake ce masa Baba, shi kuma Nasuru yake kirana har yau, ko da kowa ya koma ce mini Alhaji. Aikinmu ɗaya ne: mota ta haye gadar Ngeli ta shiga Kusiri, ta bi Marwa da Garwa har Ngawundare inda jirgin ƙasa yake ajiye kaya, ta ɗauko fulawa ko siminti ko sukari ta juyo.

Mahaifina yana da wata doka da ya tarar masu mota suna bi. Kowane direba in zai tashi, duro huɗu na gazuwal, wato man dizal, ake ba shi, zuwa da dawowa. In ya ƙare masa a hanya, wannan ruwansa. In kuwa ya dawo da wani abu a tanki, nasa ne halak malak, ba mai leƙa masa. Ragowa muke ce wa abin. Yawancin direbobi sukan shigo gareji tanki yana ƙara kamar ganga. Mijinyawa kuwa rabin duro yake dawowa da shi, wata tafiyar har da ɗoriya. Ya sayar wa masu sayar da mai a bakin titi, ya kai wa Delu kuɗin ta ɗaure a bakin zane, ba ya taɓa ko dala. Albashinsa na tuwon gida ne, ragowa ta Makka ce, kuma duk garejin an san haka. Har tsokanarsa suke yi, wai motarsa ba gazuwal take sha ba, addu'ar Delu take sha. Saboda rashin gudunsa kuma suka sa masa suna Kunkuru, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce sannu ba ta hana zuwa.

A shekarar casa'in da huɗu darajar sefa ta karye, kayan gyaran mota suka ninka, taya ta zama sai wane da wane. Kafin shekara ta zagayo mahaifina ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, aka kwantar da shi a gidanmu na Ambasatna. Garejin ya dawo hannuna da mota huɗu, biyu a kan duwatsu. Ina da takardar lise, wato sakandare, ina jin Faransanci, kaina kuwa ya fi tulu girma. Na duba na ga mai ne yake cinye mu, sai na ce wa Mijinyawa zan bi shi tafiya ɗaya in ga yadda yake yi.

Akwai wani direbanmu, Mudi, abokinsa na ƙuruciya, mutum mai baki kamar reza. A gabana, ko kunya babu, ya ce wa Mijinyawa kada ya yarda ya ɗauke ni, sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Na ji haushi har kunnena ya yi zafi. Mijinyawa ya ce masa haba Mudi, Nasuru ne fa, ɗan da ya yi masa fitsari a cinya. Ya juyo gare ni ya ce zai nuna mini komai don in koya wa 'yan'uwansa su ma su riƙa dawowa da wani abu. Na ce wallahi don haka ne kawai. Na rantse, ba wanda ya tilasta ni.

Kwana tara muka yi, kuma ban ga wani asiri ba, wahala na gani. Yana idar da sallar asuba zai ɗauki guntun ƙarfen nan ya zagaya tayoyi, da kunne yake gane wadda iskarta ta ragu, kuma ba zai tashi ba sai an cika ta. Tamfol kuwa sai ya ɗaure ya kwance ya sake ɗaurewa, wai in ya saki iska ta shiga cikinsa, mota jan iska take yi ba kaya ba. Duk zango zai zare filtar iska ya kakkaɓe. Ba ya zuba mai a tanki sai ya tace da ƙyalle. Ƙafarsa a kan totur kamar mai taka ƙwai, ban taɓa ganin allura ta wuce sittin ba, har na ƙosa na riƙa tsaki. Tun daga nesa in ya hango shingen jandarma zai ɗage ƙafa, mota ta gangara da kanta ta tsaya. A layin duwan, wato kwastan, inda wasu ke barin inji yana ruri awa biyu suna shan shayi, shi kashewa yake yi. Ina gefe ina rubutawa kamar ɗalibin kirki.

A dawowa, in ka baro Ngawundare da kaya, akwai wani dogon gangare mai kwana-kwana da direbobi ke ce wa Falez. A samansa ya tsaya, ya sauka ya taɓa ƙafafun mota, ya jira allurar iskar birki ta cika, sannan ya sa ƙaramar giya muka fara sauka, inji yana kuka, mai tafiya a ƙasa ma sai ya wuce mu. Ya riƙa nuna mini gawarwakin motoci a cikin kwazazzabo, yana faɗin sunayen direbobinsu. Ya ce yawancinsu rowa ce ta kai su can: sukan sa mota a firi su kashe inji don su tsira da ɗan mai. To inji shi ke cika wa birki iska. In ka kashe shi, duk takawa ɗaya iska raguwa take yi, har ka taka ka ji wayam.

"Nasuru," ya ce, "ko'ina ka ga dama ka yi rowar mai, ban da nan."

Da muka dawo, sati bai cika ba na tara direbobi na ce daga yau duro uku da rabi ne, tunda na gani da idona ya isa. Mudi ya dubi Mijinyawa ya yi wata dariya mara daɗi, ya tofar da yawu ya fita. Wata shida bai yi masa magana ba. A wurin mai shayi aka daina matsa wa Mijinyawa wuri a benci, ana ce masa ɗan rahoton maigida. Ya san hanyar ɗakin mahaifina, kullum Juma'a yana zuwa gaishe shi, kalma ɗaya da zai faɗa da an dawo da duro huɗu. Bai faɗa ba, don Alhaji ba shi da lafiya, kuma ba ya son ya kunyata ɗa a gaban ubansa. Ni ma ban faɗa ba, amma nawa dalilin daban ne.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba kuma zan ɗora wa kaina abin da ban yi ba. Yankan farkon nan ya taimaka, motoci biyun suka sauka daga kan duwatsu, da ban yi wani abu ba watakila da garejin ya rufe. Da a nan na tsaya, da ina da bakin magana. Amma Mijinyawa ya ƙara matse kansa. Ya daina raɓawa ta cikin Garwa don ya gaida ƙanwarsa, ya rage gudun da ma babu shi, har ya koma dawowa da jarka biyu. Ranar nan na fito na gan shi tsugune yana tsiyayar su da tiyo. Maimakon in ji kunya, wai sai na ji kamar an cuce ni. Wata mai kamawa na yanke jarka biyun nan ma. Wannan kam ba ceton gareji ba ne, kwaɗayi ne tsagwaronsa, Allah ya isa tsakanina da wayona.

Haka aka tafi har ƙarshen casa'in da bakwai. Delu ta fara rauni, idonta ya fara hazo. Wata safiya Mijinyawa ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ofishina, bai shigo ba sai da na ce ya shigo. Ya ce saura wata biyu a rufe karɓar kuɗin kujera, abin da ya rage musu kaɗan ne, kuma yadda yake ganin tsohuwa bai san ko za ta iya jiran baɗi ba. Bai roƙe ni kyauta ba. Cewa ya yi in mayar masa da duro huɗunsa na tafiya uku kacal, sauran ya san yadda zai yi.

Na ce, "Baba, in na yi maka sai na yi wa kowa."

Ya dubi hularsa a hannu. Ya ce gaskiya ne, doka ta kowa ce, ya yi mini sai anjima ya fita. Har ina jin daɗin kaina, wai na iya riƙon ma'aikata.

A tafiya ta biyu bayan wannan maganar, da hantsi, aka kira ni a waya daga Ngawundare. Mudi ne. Ya ce motar Mijinyawa ta kife a Falez da buhunan fulawa, yana da rai, amma in taho. Na kwana biyu a hanya. Kafin in isa asibitin, likitoci sun yanke ƙafar dama daga gwiwa, ƙafar nan da ke taka totur kamar ƙwai.

Mudi ya tare ni a bakin ƙofa, idonsa jawur. Ya ce yana bayansa da siminti tun daga saman gangaren. Ya ga ya tsaya kamar kullum, ya taɓa ƙafafun mota kamar kullum. Da suka fara sauka sai ya lura salansarsa ba hayaƙi. Ya yi ta danna masa oda, ya yi ta kunna fitila, amma ina. A kwana ta uku motar ta ƙwace. Ya ce shekara ashirin da biyar Mijinyawa yana zagin masu yin haka. Sannan ya matso har ina jin numfashinsa, ya tambaye ni ko na san nawa mutum ke tsira da shi in ya kashe inji a gangaren nan gaba ɗaya. Na ce ban sani ba. Ya ce bai kai rabin jarka ba.

Da Mijinyawa ya gan ni, abin da ya fara yi haƙuri ya ba ni a kan motar. Wallahi da ya zage ni ya tsine mini, da na fi samun sauƙi.

Bayan wata biyu aka dawo da shi. Mahaifina ya ce lallai a kawo masa shi. Aka shigo da shi ɗakin a kan kujera, ina tsaye a jikin bango. Alhaji maganarsa ba ta fita sosai, amma ya daure ya ce shi bai yarda da abin da ake faɗa ba, Mijinyawa ba zai kashe inji a Falez ba, ya gaya masa gaskiya, birki ne ya tsinke ko kuwa? Ya ƙara da cewa duro huɗu ai ya ishi kowa, me zai kai shi? Mijinyawa bai ko dubi inda nake ba.

"Ni na kashe, Alhaji," ya ce. "Kwaɗayi ne."

Mahaifina ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya fuskarsa bango. Daga baya ya ce mini a biya asibiti saboda zaman da aka yi, amma kada a sake kawo masa shi. Bakina yana nan, harshena lafiya lau, ba abin da ya same ni. Na ce to.

Abin da Delu ta ɗaure a bakin zane shekara da shekaru, tuwo ya cinye shi a gidansu na Butalbagar cikin shekara biyu da Mijinyawa ya yi a kwance. Da ya fara dogara sanda na ce ya zo ya riƙa duba mana tayoyi, nan ne yabon da nake gaya muku ya samo asali. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na yi niyyar in biya musu kujerun nan. Ina da hali, motocinmu sun zama shida. Abin da ke tsayar da ni shi ne mahaifina zai ji, in ya ji zai tambaye ni dalilin da zan kai mutumin da ya kifar masa da mota Makka, ni kuwa ba ni da amsar da ba za ta tona ni ba. Sai in ce baɗi. Duro ukun da 'yan kai ɗin ma ban mayar da su huɗu ba, don kada a ce na yarda ni na yi laifi.

A shekarar dubu biyu da ɗaya ni na biya wa kaina kujera. Ana saura kwana uku mu tashi, Mijinyawa ya ce tsohuwa tana son ganina. Na yi ta kwana-kwana, ƙarshe dai bayan la'asar na je. Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta ƙanƙance, idon ya tafi gaba ɗaya, ko zama sai an tallafe ta. Da ta ji muryata ta washe baki ta ce a'a, mijinta ne ya tuna da ita yau, ko ya zo sallamar saki ne tunda zai tafi ya bar ta? Haka take tsokanata tun ina yaro. Na durƙusa na gaishe ta. A nan, da na ga ba yadda za a yi ta hau ko keke balle jirgi, a nan ne bakina ya buɗe na ce baɗi in sha Allahu da ita za a tafi. Ta yi dariya har da tari. Ta ce in bar zancen nan, jirginta daban ne, ya kusa zuwa.

Ta lalubo wani ƙulli a ƙarƙashin matashinta ta miƙo mini. Farin alawayyo ne sabo, an yanka an ninke. Likkafaninta ne. Ta ce ta saya ne tun shekarar da suka sa ran tafiya, don ta tsoma shi a ruwan zamzam da hannunta.

"Tunda ƙafata ba ta kai ba, kai ka kai mini shi. Ka tsoma, ka shanya a ranar can, ka dawo mini da abina."

Ta kama hannuna ta yi ta sa mini albarka. Ta ce ni ɗan halak ne, na riƙe mata ɗa lokacin da kowa ya guje shi. Mijinyawa yana tsaye a bakin ƙofa a kan sandarsa yana cewa amin.

A kan cinyata na riƙe ƙullin nan har Jidda, ban yarda na sa shi cikin kaya ba. Na tsoma shi, na shanya, na ninke. Mutane suna kuka a gaban Ka'aba suna roƙon abin da suke roƙo, ni kuwa duk inda na juya jarka biyun nan nake gani a gaban Mijinyawa, yana tsugune da tiyo a hannu. Na roƙi Allah gafara. Amma na san haƙƙin da ke kaina na mutum ne, kuma mutumin yana Kilemat yana ƙwanƙwasa mini tayoyi.

Na dawo da niyyar in shiga ɗakin mahaifina in faɗi komai. Na yi sati ina karɓar 'yan barka da zuwa, na yi wata ina neman ranar da jikinsa zai ɗan yi sauƙi. Kafin damina ta faɗi ya rasu, ya tafi da sanin cewa Mijinyawa makwaɗaici ne. Bayan sadakar arba'in na tara direbobi na mayar da duro huɗu. Mudi ya dube ni ya ce madalla, sai a kai wa ƙafar.

Delu ta bi bayansa da wata bakwai. Na je jana'iza, ni na kama makara ta gaba. Da aka gama rufe ta mutane suka fara watsewa, na hango Mijinyawa yana nufo ni, sandarsa tana nutsewa cikin yashi. Na ce a raina yau kam ko a gaban waye sai na faɗa. Ya iso ya riƙe hannuna da hannunsa biyu, har sandar ta faɗi.

"Nasuru, Allah ya saka maka da alheri," ya ce. "Ko ba komai, ƙyallenta ya je."

Na sunkuya na ɗauko masa sandar, na ce amin.